Gindi da Reshe

A gonar gwaji da ke bayan Namangan,
inda ruwan dutse ke saukowa da sanyi mai kama haƙori,
aikina riƙon littafi.
Layi na tara, itace na arba'in da bakwai:
kauri kaza, tsayi kaza, ganye ya ɗashe ko bai ɗashe ba.
Shekara goma sha ɗaya ina ƙidayar abin da ba ya sauri.

Tsoho Eshmat ne mai wuƙa.
Ba ya ara, ba ya bayar da aro.
Sai ya wasa ta a fatar takalmi kafin ya amsa gaisuwa.
Ya tsaga gindi, ya fiƙe reshe kamar alƙalami,
ya zura, ya ɗaure, ya shafe da kakin zuma.
Ya ce, "Sanobar, aure ke nan.
Ɓawo ya sami ɓawo.
In jininsu ya haɗu, kwana ashirin ido zai buɗe.
In bai haɗu ba, kada ki zagi kowa."

Gindin daga kan dutse aka sauko da shi,
tuffar daji, 'ya'ya kamar ƙwan tattabara,
tsamin da ko akuya sai ta yamutsa fuska.
Amma ta san ƙishi,
ta san ƙasar da gishiri ya yi wa furfura.
Reshen kuwa ɗan gata ne, ja, mai ƙamshi,
shi ake gogewa da hannun riga a kasuwa,
shi ake kira da suna.
Wa ya taɓa gatsar tuffa ya gode wa saiwa?

Wata Laraba tsohuwa Tursunoy ta sauka daga bas
da ƙullin tsumma a cikin zani.
Irin karas ne, rawaya, gajere, mai kauri,
wanda ba ya narkewa a tukunyar shinkafa.
Na uwarta ne, na uwar uwarta.
'Ya'yanta sun koma irin kamfani mai takarda mai ƙyalli.
Ta ce, "An ce nan kuke ajiye abin da ake mantawa."
Na auna: giram goma sha huɗu, har da ƙura.
Darakta ya ce a ba shi lamba.
Na ba shi. Ɗari uku da sha biyu.
Ta tsaya tana duban lambar
kamar an sake wa jikarta suna.

Sai hunturun nan da ƙanƙara ta ƙi sauka.
Ƙasa ta kwana tsirara,
sanyi ya shige ta kamu uku.
Da bazara muka bi layi-layi muna ƙwarzane ɓawo da farce.
Gindayen da aka sayo daga ƙetare, masu takardar shaida,
baƙi ƙirin.
Na biyu baƙi. Na biyar baƙi.
Na tara
kore, jiƙe, yana manne wa yatsa.

Eshmat na kwance, tari ya kayar da shi.
Na kai masa reshe ɗaya da fure a kofin shayi.
Bai dubi furen ba.
Ya ce, "Wurin haɗin fa, ya kumbura?"
Na ce lafiya lau, tabo kawai.
Ya laluba ƙarƙashin matashi
ya miƙo mini wuƙar, ƙota gaba.

Rahoton ya fita da sunayen mutum huɗu.
Duk sun cancanta, ban ce ba.
Amma a littafina, gefen da ba a bugawa,
kusa da ɗari uku da sha biyu na rubuta Tursunoy,
kusa da layi na tara, Eshmat,
da wani dutse da ban taɓa hawa ba.

Yau na ɗaura aurena na farko.
Tsagar ta karkace, na yanke yatsa,
kakin ya yi yawa.
Saura kwana goma sha tara.